Ƙawanya a yaƙi: abin da kwanaki 77 na Khe Sanh suka nuna

Idan mai karanta labarai ya ce an yi wa gari ƙawanya, kamar yadda aka daɗe ana faɗa a kan El Fasher ta Sudan ko Djibo ta Burkina Faso, ba hari yake nufi ba. Hari yana zuwa ya wuce, kwanton ɓauna kuma matafiyi ake yi wa a hanya. Ƙawanya zaman dirshan ce: mayaƙa su kewaye gari ko sansani, su toshe hanyar shiga da ta fita, su yi ta luguden wuta, su bar yunwa da ƙishirwa da ƙarewar harsashi su yi musu rabin aikin. Magabata sun san haka sarai, shi ya sa ganuwar Kano ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai.

Ga sojan da ya san aikinsa, tambaya biyu ce ke yanke hukuncin kowace ƙawanya. Ta farko, ta ina abinci da harsashi ke shiga? Ta biyu ta fi wuya: tsakanin na ciki da na waje, wa ya riƙe wani? Babu inda tambayoyin nan suka fito fili kamar sansanin Khe Sanh, a yaƙin Biyetnam.

Sansanin yana kan wani tudu a lardin Quang Tri, a kusurwar arewa maso yammacin Biyetnam ta Kudu, dab da iyakar Laos. Zaratan sojojin ruwan Amurka masu yaƙi a tudu kimanin 6,000 ne a ciki, ƙarƙashin Kanar David Lownds, tare da bataliya guda ta sojojin Kudu. A duwatsu da dazukan kewaye kuma dakarun Biyetnam ta Arewa ne, aƙalla 20,000. Hanyar mota ɗaya tilo da ke zuwa wurin, Hanya ta 9, tuni ta fita daga hannun Amurkawa. Da asubahin 21 ga Janairu 1968 aka fara ruwan wuta, kuma a ranar farko harsashi ya faɗa babbar ma'ajiyar makamai, kusan tan 1,500 suka tashi.

Abin da ya hana manyan Amurka barci ba Khe Sanh ba ce kaɗai, fatalwar Dien Bien Phu ce. A ƙarshen 1953 Faransa ta girke sojojinta a wannan kwari mai nisa da ke arewacin Biyetnam, da niyyar janyo mayaƙan Viet Minh masu neman 'yancin ƙasar fili ta murƙushe su. Kwamandan Viet Minh, Janar Vo Nguyen Giap, ya sa aka ja manyan igwa da ƙarfin mutane zuwa kan duwatsu, aka kashe filin jirgin tun ƙarshen Maris 1954, sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu, mulkin Faransa a yankin ya bi shi. (Yaƙin nan bai yi mana nisa ba kamar yadda ake zato: 'yan Afirka ta Yamma da yawa sun yi shi cikin kakin Faransa, kuma Seyni Kountché na Nijar yana cikin waɗanda suka yi aikin soja a yankin.) Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa aka ƙera masa samfurin ƙasar Khe Sanh a fadarsa, ya kuma nemi hafsoshin sojansa su ba shi tabbaci a rubuce cewa wurin ba zai faɗi ba.

Janar William Westmoreland, babban kwamandan sojojin Amurka a Biyetnam, shi ma tarkon Faransa ya sake ɗanawa, sojojinsa ne naman da ke bakin tarkon. Bambancin shi ne yana da sararin samaniya. Jiragen Amurka, har da manyan B-52, sun zubar da bama-bamai kimanin tan 100,000 a kewayen sansanin. Kayan masarufi ma ta sama suke zuwa. Duk jirgin da ya sauka sai wuta ta biyo shi, har sojoji suka laƙaba wa jiragen mayen ƙarfe mai janyo harsashi. Bayan an harbi wani jirgin dakon kaya C-130 ya ƙone a titin jirgi ranar 10 ga Fabrairu, aka fi komawa jefa kaya da laima, ko jirgi ya yi ƙasa-ƙasa kamar zai sauka, laima ta fizgo kayan daga cikinsa, ya tashi ba tare da tayarsa ta taɓa ƙasa ba. Sojojin Amurka da ke gadi a kan duwatsun kewaye, irin su waɗanda ake kira 881 ta Kudu da 861 kuwa, sai jiragen yaƙi sun yi ɓarin wuta da hayaƙi sannan helikwaftoci su shigo a tare, su sauke kaya cikin 'yan mintoci su gudu.

Tsofaffin sojojin da suka tsira ba wannan lissafin suke tunawa ba. Suna tuna jar ƙasa da ta rine musu kaki da fata, da hazon safiya da ke hana jirgi gani, da ɓeraye masu yawo a kan mutum yana kwance cikin rami, da makonni ba wanka. Suna tuna yadda kunne ya koyi jin tashin harsashi daga dutsen Co Roc na Laos, inda igwar abokan gaba ta fi tasu dogon zango, mutum ya san 'yan daƙiƙoƙi gare shi ya faɗa rami. Ranar 23 ga Fabrairu kaɗai an ƙirga harsasai 1,307. Bayan kwana biyu wani rukuni ya fita sintiri ya faɗa kwanton ɓauna a kusa da shingen waya, sama da mutum 20 suka mutu, kuma gawarwakinsu suka yi fiye da wata guda a waje, 'yan uwansu na ciki ba halin ɗauko su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta a matattu, har aka yi masa jana'iza, sai ga shi a 1973 cikin fursunonin yaƙin da aka sako.

Ga abin da har yau ake musu a kai. Ruwan shan sansanin daga rafin Rao Quan ake ɗibo shi, kuma rafin ta yankin abokan gaba yake biyowa. Ba su tare shi ba, ba su gurɓata shi ba. Sun murƙushe ƙaramin sansanin Amurka na Lang Vei, da ke kusa, da tankokin yaƙi a daren 6 ga Fabrairu, sun haƙa ramuka har kusa da shinge, amma gagarumin farmakin da ake jira bai zo ba. A ƙarshen Janairu kuma, hankalin Westmoreland na kan wannan tudu, hare-haren Tet, wato na lokacin bikin sabuwar shekarar Biyetnam, suka ɓarke a biranen Kudu, har harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon. Westmoreland ya tsaya a kan cewa Khe Sanh ce ainihin abin da Arewa ke nema, wutar sama ce ta hana su. Wasu masana na ganin ƙawanyar dabara ce ta janye Amurkawa daga birane. A ganina batun ruwan nan ya fi ba na biyun ƙarfi, domin wanda ya ƙudura cin sansani ba ya barin masa rafi, ko da yake ba a jibge dubban sojoji ƙarƙashin B-52 don wasa kawai.

A farkon Afrilu dakaru suka buɗe Hanya ta 9 suka haɗu da na ciki, aka ce an karya ƙawanya bayan kwana 77. Zuwa Yuli, Janar Creighton Abrams ya karɓi ragama daga Westmoreland, Amurkawa da kansu suka rushe ramukansu, suka kwashe kaya suka bar wurin, gwamnatin Arewa a Hanoi ta yi shelar nasara. Adadin da hukuma ta bayar na sojojin ruwan da suka mutu shi ne 205, kuma tsofaffin sojojin Khe Sanh sun daɗe suna ƙin amincewa da shi, domin bai haɗa da na Lang Vei ba, da waɗanda jirgi ya faɗi da su, da waɗanda suka mutu wajen buɗe hanya da kuma watannin da suka biyo baya kafin a rufe sansanin.