Yadda kuɗin kamfanonin gine-gine ke isa ƙauyukan Ingila

Me ya haɗa kamfanin gine-gine da filin wasan ƙauye?

Sababbin gidaje na kawo ƙarin yara a makaranta da ƙarin motoci a hanya. Shi ya sa ƙaramar hukuma a Ingila ke karɓar kuɗi daga mai gini ta hanya biyu: yarjejeniyar Sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990, da harajin sababbin gine-gine da ake kira CIL, wanda ya fara aiki a 2010. Da kuɗin ake yin ayyuka irin su filin wasa.

Mene ne bambancinsu?

Ta Sashe na 106 ciniki ce, ana ƙulla ta kafin a ba da izinin gini. Sai abin da aka nema ya zama dole, ya shafi ginin kai tsaye, ya kuma dace da girmansa. Kuɗin da aka rubuta don gyaran zauren taro ba a karkatar da shi zuwa titi. CIL kuwa farashinsa a yanke yake, ana lissafa shi da murabba'in mita. Ba kowace ƙaramar hukuma ke karɓarsa ba, kuma ana yafe wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi da wanda ya gina gidan zamansa.

Nawa ke shiga hannun ƙauyen?

Majalisar ƙauye na samun kashi 15 cikin 100 na CIL ɗin da aka karɓa kan ginin da aka yi a ƙauyen, amma a shekara ba zai wuce fam 100 kan kowane gidan da ke ƙauyen ba, ban da ƙarin hauhawar farashi. Ƙauyen da ya rubuta tsarin ci gabansa, mazauna suka amince da shi ta ƙuri'a, yana samun kashi 25 ba iyaka. A ɗauka za a gina gida 40, kowanne murabba'in mita 90, a kan CIL na fam 100 kowane murabba'in mita: jimla fam 360,000. Kashi 15 ya kama 54,000, amma ƙauye mai gida 300 zai tsaya a 30,000 a shekara, ban da ƙarin hauhawar farashi. Da yana da tsarin, 90,000 zai karɓa. Wahalar rubuta shi ba ta faɗi a banza ba.

Ina ake samun tangarɗa?

Galibi a lokaci. Yarjejeniya kan ce a biya idan an tare a gida na kaza, to in ciniki ya yi sanyi kuɗin ma sai ya makale. Kamfani kan kawo lissafi cewa ribarsa ba za ta fita ba, a rage masa. Majalisar ƙauye kuma in ta yi shekara biyar ba ta kashe kasonta ba, ana iya karɓe shi, kuma hakan na faruwa ne idan ba a tanadi zane da farashin aiki tun da wuri ba. Sannan kuɗin Sashe na 106 yawanci na gini ne, albashin mai shara da kuɗin wuta na kan ƙauyen.

Ta yaya mazauna za su bi sawun kuɗin?

Tun 2020 dole ƙaramar hukuma ta wallafa rahoton abin da ta karɓa da abin da ta kashe, kafin ƙarshen Disamba kowace shekara.