Ruwan da ya gangara teku bai tafi a banza ba

Duk damina, idan ambaliya ta ci gari, za ka ji dattawa a majalisa nan Kano suna cewa: "Da an tare ruwan nan duka, tunda teku zai tafi ya lalace." Namu ma ba teku yake zuwa ba, Challawa da Kogin Kano Haɗeja suke nufa, su bi Yobe zuwa Tafkin Chadi.

Wanda ke isa teku kuwa, irin Kwara da ta taso daga tsaunukan Gini, aiki yake zuwa yi. A bakin teku akwai fadamu masu gishiri. Ruwan daɗi ne ke tsarma gishirin har tsirrai su iya rayuwa, laka da yashin da ya kwaso kuma su ke ɗaga ƙasar don kada teku ta cinye ta. Cikin saiwoyin tsirran nan ƙananan kifi da jatan lande ke girma, har busasshensu ya iso kasuwar Sabon Gari. Amma madatsa kamar Kainji da ke kan Kwara, ta 1968, tana riƙe wannan laka.

Mu ma mun gani a gida. Bayan an gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu.