Zuwerat

Zuwerat gari ne na haƙar tama a arewacin Muritaniya, kuma shi ne babban birnin yankin Tiris Zemur. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanensa sun ɗan haura dubu 44. Ba noma ya tara su ba, ba kuma kasuwar ayari ba: dutse ne da layin dogo. Garin yana gindin Kediyat Ijil, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mai mita 915, wanda ƙarfen da ke cikinsa kan rikitar da allurar kamfas.

Kafuwa

Kafin zuwan kamfani, wurin da aka sani a yankin shi ne Fderik, barikin sojan Faransa, da kuma fadamar gishiri ta Ijil inda raƙuma ke ɗaukar kaya. A 1952 aka kafa kamfanin MIFERMA, wanda yawancin jarinsa na Turawa ne, Faransawa a gaba. Bankin Duniya ya ba shi bashin dala miliyan 66 a 1960, shekarar da Muritaniya ta sami ƴancin kai, aka fara shimfiɗa dogo. A 1963 tamar farko ta isa bakin teku. Kamfanin ne ya gina garin, da unguwar manyan ma'aikata Turawa daban, ta ƙananan ma'aikata daban, sauran masu neman aiki kuma suka kafa bukkoki a gefe. Wannan bambanci na cikin abin da ya haifar da yajin aikin Mayun 1968, inda soja suka buɗe wuta, aka kashe ma'aikata. Ranar 28 ga Nuwamban 1974 shugaba Muktar Wuld Dada ya mayar da kamfanin mallakar ƙasa, aikin ya koma hannun SNIM, kamfanin ma'adinai na gwamnati.

Layin dogo

Daga Zuwerat zuwa tashar jiragen ruwa ta Nuwadibu kilomita 704 ne, kusan tafiyar Damagaram zuwa Arlit ta Agadas. Layi ɗaya ne tak, faɗinsa milimita 1,435, sai wuraren kaucewa inda jirgi ke tsayawa wani ya wuce. Jirgin tama kan ja tarago kimanin 200, kowane da tan 84 ko kusa da haka, wato wajen tan dubu 17 a sawu guda. Tsawonsa ya kan kai kilomita 2 da rabi, kuma kan jirgi biyu zuwa huɗu ke haɗuwa su ja shi. Tafiyar kan ci kusan yini da dare.

Babban abokin gabar layin rairayi ne. Iska na tura shi ya rufe dogo, kuma in ƙafar tarago ta hau tulin rairayi tana iya gocewa. Ko bai kai haka ba, ƙwayoyinsa na shiga tsakanin ƙafa da dogo suna cin ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa, suna kuma toshe matatun iskar inji. Shi ya sa akwai sansanonin ma'aikata a kan hanya waɗanda aikinsu kwashe rairayi da duba layi. Zafin rana na sa ƙarfe ya miƙe, sanyin dare ya sa ya tsuke, nan ma wata hanyar lalacewa ce.

A kusa da Shum, wani ƙaramin gari a kan layin, akwai abin da ke nuna wautar iyakokin mulkin mallaka. Hanya mafi sauƙi ta ratsa kusurwar Yammacin Sahara, wadda Sifaniya ke riƙe da ita a lokacin, sai Faransawa suka gwammace su huda dutse mai tauri wajen kilomita 2 don kada dogo ya fita daga ƙasarsu. Yau an bar ramin, jirgi na bin ƴan kilomitoci ta cikin Yammacin Sahara.

In jirgi ya juye tama ya juyo, shi ke kawo mai da abinci da ruwa ga ƙauyukan kan layi. Akwai taragon fasinja, amma da yawa kan hau bisa tamar ba tare da biyan kuɗi ba, da awakinsu da buhunansu. Mai yin haka sai ya naɗe fuska da rawani saboda baƙar ƙura, ya kuma tanadi bargo, don sanyin dare a can ba wasa ba ne.

Yaƙi

Bayan Muritaniya ta karɓi kudancin Yammacin Sahara a 1975, mayaƙan Polisariyo, masu neman ƴancin yankin, sun gane cewa wanda ya yanke dogon nan ya yanke kuɗin shigar gwamnati. Ranar 1 ga Mayun 1977 suka afka wa Zuwerat, Faransawa biyu suka mutu, aka tafi da shida. Hare-hare kan jirgi suka rage fitar da tama, Faransa ta turo jiragen yaƙi, a Yulin 1978 kuma soja suka kifar da Wuld Dada. An yi sulhu tsakanin Muritaniya da Polisariyo a 1979.

Tama iri biyu

Tamar Kediyat Ijil mai kyau ce, ƙarfenta ya haura kashi 60 cikin ɗari, don haka fasa ta da nakiya, farfasawa da tankaɗe sun isa a loda ta. Da ta fara raguwa aka koma ƙananan duwatsun da ake kira gelb, aka buɗe masana'antar Gelb el Rain a 1984. Tasu ba ta kai kashi 40 ba. Sai an niƙa ta, maganaɗisu ya tsame ƙarfen daga tsakuwa, kafin ta kai wajen kashi 65. A masana'antar farko a bushe ake wannan aiki saboda ƙarancin ruwa, abin da ke tada ƙura mai cutar huhu da cin injuna.

Wanda ya san Arlit zai ga kama da bambanci. Uraniyom ana tace shi ya zama kaya kaɗan mai tsada, motoci su kwashe shi ta hanyar Tawa. Tama kuwa nauyi gare ta, ga arha, kuma SNIM na fitar da sama da tan miliyan 10 a shekara, kayan da mota ba za ta iya ɗauka da riba ba.