Dainoso na fim da dainoso na masana: a ina suka rabu?

Shin siffar da fina-finai ke nunawa ita ce ta gaskiya?

Ƙirar jikin takan yi kusa da gaskiya, amma fatar ce ke da matsala. An saba nuna dainoso, wato dabbobin nan da suka rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, da fata mai kaushi irin ta kada, alhali tun a 1996 aka tono burbushin wani ƙaramin dainoso mai suna Sinosauropteryx a lardin Liaoning na ƙasar Sin, jikinsa ɗauke da alamun gashi irin na tsuntsu. Velociraptor, wani dainoson da fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya nuna da tsayin mutum, bai wuce girman talotalo ba, kuma a 2007 masana suka ga gurbin gashin fiffike a ƙashin hannunsa da aka samo a Mongoliya. Abin da ya fi damuna shi ne, bayan hujja ta bayyana ƙarara, masu shirya fim sun daɗe suna riƙe da tsohuwar siffar, domin ita ce ke tsorata masu kallo.

Dainoso sun yi ruri kamar zaki?

Babu hujjar hakan. Maƙogwaro nama ne da guringuntsi, ba kasafai yake zama dutse ba, saboda haka masana sukan yi kiyasi da danginsu mafi kusa, wato kada da tsuntsaye, waɗanda wasunsu ke gurnani baki a rufe.

Duk a zamani ɗaya suka rayu?

A'a. Dainoson da ake kira Stegosaurus ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, wanda ake kira Tyrannosaurus kuwa tsakanin miliyan 68 zuwa 66, ke nan tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin Tyrannosaurus da mu.

Su kansu masanan ba sa kuskure?

Suna yi, sai dai suna gyarawa idan sabon ƙashi ya fito. A 1854 aka kafa mutum-mutumin wani dainoso mai suna Iguanodon a dandalin Crystal Palace da ke Landan da ƙaho a kan hanci, bisa fahimtar masanan lokacin. Da masu haƙar kwal suka ci karo da cikakkun ƙwarangwal a Bernissart ta ƙasar Beljiyam a 1878, sai aka gane cewa wannan tsinin babban yatsan hannunsa ne. Mutum-mutumin na nan a Landan har yau, da ƙahonsa a hanci.