Ekografi ta gaɓoɓi da tsoka

Ekografi ta gaɓoɓi da tsoka awo ne da ake yi da sauti mai ƙarfin kaɗawa wanda kunnen mutum ba ya ji, wato abin da ya haura kaɗawa 20,000 a daƙiƙa guda. Likita yana ɗora ɗan kan na'ura a fata, sautin ya shiga nama ya dawo, inji ya maida shi hoto. Da ita ake duba yagewar tsoka, agara, ruwa a gwiwa, kumburi da targaɗen da ya ƙi warkewa. A Yamai da Tawa mutane sun fi sanin eko ta mata masu ciki, shi ya sa in an rubuta ma ɗan kokowa ko mai ciwon kafaɗa eko sai ka ga yana mamaki.

Tarihi

Tushen abin daga Faransa yake. A 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli in an matse su suna ba da lantarki, daga baya aka ga in an sa musu lantarki su ma suna kaɗawa, kuma wannan dabarar ce har gobe ke cikin kan na'urar. Lokacin yaƙin duniya na farko Paul Langevin ya yi amfani da ita wajen neman jiragen ƙarƙashin teku. Wanda ake yawan cewa shi ya fara kai ta jikin mutum likitan Ostiriya ne, Karl Dussik, wajen 1942 ya gwada a kwakwalwa abin bai yi kyau sosai ba don ƙashin kai ya tare sautin, sannan a 1958 ya fitar da bincike kan yadda sauti ke ratsa naman gaɓoɓi. A wannan shekarar ce ma Ian Donald na Glasgo ya buga aikinsa da ya buɗe hanyar ekon ciki. A 1972 McDonald da Leopold a Amurka suka nuna ana iya bambanta ƙullin ruwa na bayan gwiwa da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, abu biyu masu kama da juna a ido amma maganinsu ba ɗaya ba. Wajen 1980 kuma Reinhard Graf, shi ma ɗan Ostiriya, ya tsara awon kwatangwalon jarirai da ake bi har yanzu.

Shiri

Kusan babu. Ba a hana cin abinci, ba sai an cika mara da ruwa ba, waɗannan ka'idojin na ekon ciki ne amma kullum sai an samu wanda ya zo randebu da yunwa tun asuba. Abin da ake so tufa mai saki wadda za a iya naɗewa, a cire zobe, awarwaro, agogo ko laya in suna wurin, kuma kar a shafa man kaɗe ko man zafi ranar. A taho da takardar likita da tsohon hoton radiyo in akwai, in an je wajen mai ɗori ma a faɗa, ba abin ɓoyewa ba ne. Mace na iya tambaya tun wajen karɓar randebu ko akwai likita mace.

In za a yi allura cikin gaɓa ana kallo da eko, nan ne shirin ya ɗan ƙaru: mai shan maganin tsinka jini da mai ciwon suga su sanar tun da wuri, don allurar kortizon, maganin kumburi da ake sawa a gaɓa, tana ɗaga suga na 'yan kwanaki.

Yadda ake yi

Ana shafa wani ruwa mai kauri mai sanyi, likita ya ce ɗaga hannu, maida baya, lanƙwasa, yana kallon agarar tana motsi. Galibi minti 15 zuwa 30. Babu hasken radiyo a ciki.

Iyaka

Sautin ba ya ratsa ƙashi, don haka cikin gaɓa can ciki sai IRM (hoton da ake ɗauka da maganaɗisu) ko sikana, kwatangwalon jariri ma bayan wajen wata 6 ƙashin ya fara tauri sai radiyo. Kan yagewar agarar kafaɗa, ko eko ta kai IRM, likitoci sun sha bamban, da yawa sun ce ya danganta da hannun mai awon.