Kabala da Ƙofar Gamji a Kaduna

Kabala tsohuwar unguwa ce a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, tana kwance a gaɓar kogin Kaduna ta hannun arewa, kuma kashi biyu ce, akwai Kabala Doki akwai Kabala Costain. Kar a haɗa ta da Kabala West, ita wannan can take a Kaduna ta Kudu, baƙi da yawa suna ruɗewa har ka ga mai Keke Napep ya sauke mutum inda ba nan ya nufa ba.

Tarihin unguwar ba ya rabuwa da na garin kansa. Gbagyi ne a wannan yankin tun kafin zuwan Turawa, to da Lugga, wato Lord Lugard gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya ga wurin yana da ruwa ga kuma layin dogo ya ratsa sai aka fara gina gari, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Sunan ma daga kogin ya fito, yawancin mutane sun tafi a kan cewa jam'in kada ne, wato kadduna, saboda yadda suka cika ruwan a lokacin, shi ya sa har gobe kada ce tambarin Kaduna. Turawa da manyan ma'aikata suka zauna a unguwannin gwamnati masu faɗi da itatuwa, ƙananan ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa kuma suka yi ta taruwa a irin su Kabala, Hausawa da Gbagyi da Nufawa da Yarbawa da mutanen kudancin Kaduna duk a layi ɗaya. Bayan rikicin addini na shekarar 2000 kogin ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa Kirista a kudu, amma a Kabala har yanzu za ka ga masallaci ga coci ba nisa, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a girmama unguwar.

Wurin da mai ziyara ya fi nufa shi ne Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawa ne a bakin kogi, ana bi ta titin Swimming Pool kusa da Kwalejin 'Yan Sanda. Gamji kirarin Sardauna Ahmadu Bello ne, daga baya aka sa wa wurin sunan Janar Hassan Usman Katsina wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, amma a bakin jama'a Gamji ce dai. A ciki ne gadar Lugga take, 'yar ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa da aka fara kafawa a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo Kaduna, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Wallahi in ka tsaya a kanta ka dafa ƙarfen sai ka ji wani iri, abu ya haura shekara 120 kuma yana nan tsaye, ya kamata a ce ana kula da ita fiye da haka. Ranar sallah da kirsimeti wurin cika yake maƙil da yara da masu hoto.

Shi kuwa kogin daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa kogin Kwara, wato Neja. Da rani ruwa yana janyewa duwatsu su fito, sai ka ga masu wanki sun shanya kaya a kansu, masu lambu suna ban ruwa ga alayyafo da latas, can kuma masu yasar yashi suna nutso da bokiti suna juyewa a kwalekwale har sai bakinsa ya kusa taɓa ruwa. La'asar sakaliya ta fi daɗin kallo, rana ta yi sanyi iska na kaɗawa.

Da damina kuma labari ya canza, musamman Agusta da Satumba. Ruwan ya koma ja, ya cika ya batse, kuma ambaliyar 2003 har yau ana ba da labarinta a unguwannin bakin kogi irin su Kabala da titin Kigo, gidaje da yawa ruwa ya shiga. Duk da haka gini bai daina matsawa gaɓa ba, don fili ya yi tsada a cikin gari. A zamanin gwamna Nasiru El-Rufa'i an fara aikin sabuwar gada don haɗa Kabala Costain da Barnawa da ke kudancin kogin.