Hayaƙin Salansa

Hayaƙin salansa shi ne iska da ƙurar da inji ke fesowa bayan ya ƙone fetur ko dizal, man da direbobi suka fi kira gas. Mota da babur da Keke Napep da tirela da janareto da injin markaɗe, kowanne da nasa. Tun tsakiyar ƙarni na 20 injiniyoyi suka mai da shi fagen bincike mai zaman kansa, domin shi ke tona abin da ke faruwa a cikin inji, kuma shi ne rabon duk mai tsaye a bakin titi, ko yana da mota ko ba shi da ita. A Kaduna, inda manyan motocin Kudu ke ratsawa zuwa Zariya da Kano, wanda cunkoso ya taɓa riƙewa a Kawo da yamma ya san ɗacinsa a maƙogwaro.

Abin da ke cikinsa

Fetur da dizal haɗi ne na kabon da haidirojin. Da suna ƙonewa ƙurmus, da ba abin da zai fito sai tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid, sai naitirojin da ya shiga ya fita, tunda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Lita ɗaya ta fetur tana barin kusan kilo 2.3 na kabon dayoksaid, ta dizal kusan kilo 2.7. Nauyin ya fi na man da kansa saboda kabon ya haɗu da oksijin da injin ya zuƙo daga waje. Wannan iskar ita ce kan gaba wajen ɗumamar yanayi.

Masu kwantar da mutum a asibiti kuwa suna cikin ɗan kason da bai ƙone daidai ba. Injin fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. In mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai a sami kabon monoksaid da ɗanyen man da ya kuɓuce bai ƙone ba. In wutar cikin silinda ta yi zafi ainun, sai naitirojin da oksijin su haɗu su haifi sinadaran da ake taƙaita sunansu da NOx, masu ƙona hanyar numfashi. A nan kan injiniya yake ɗaurewa, domin dabarar da ta rage ɗaya takan ƙara ɗayan. Injin dizal ga shi da tsimin mai, amma ya fi fitar da NOx da baƙar kunkunniya. Ƙananan ƙwayoyin kunkunniyar, da ake kira PM2.5, sun fi silin gashi siranta kusan sau 30, kuma suna wucewa har ƙuryar huhu. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji.

Kabon monoksaid ya fi kowanne saurin kisa. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sama da sau 200. Wanda ya shaƙe shi yakan fara da ciwon kai da jiri da kasala, daga nan barci ya ɗauke shi. Shi ya sa janareton da aka tayar a zaure ko a baranda gab da taga, don tsoron ɓarawo ko ruwan sama, yake iya ɗauke mutanen gida guda a dare ɗaya. Ɗan buɗe ƙofa ba ya hana komai. Wurin janareto fili ne, nesa da taga, bakin salansarsa na kallon waje.

Karatun makaniki

Ido da hanci ne awon farko, kuma har yau haka ake farawa a garejojin Panteka da Kakuri. Maigida zai ce wa yaronsa, "Kai, taka mata wuta," shi kuma ya tsuguna a bayan motar ya ga abin da ya fito, in ta huce ya zura yatsa cikin bututun ya murza. Baƙin hayaƙi da busasshiyar baƙar toka na nufin mai ya rinjayi iska, sai a duba kafireto ko nozul, ko matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe. Hayaƙi shuɗi-shuɗi mai barin maiƙo a yatsa yana nuna injin na shan baƙin mai, galibi ringi sun cinye. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗauki zafi alama ce ta ruwan lagireto ya sami hanya zuwa silinda, gasket ya ƙone. Siririn tururin safiyar sanyi ba ciwo ba ne. Ƙananan janareto da tsofaffin baburan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai su kam shuɗin hayaƙi halittarsu ce, domin man shafawar yana ƙonewa tare da fetur.

Wannan ilimi ne na gaske, an gaje shi hannu da hannu, amma iyakarsa abin da ido ya gani. Mota tana iya fitar da hayaƙi garau alhali tana zubo kabon monoksaid da NOx fiye da ƙima.

Indomi

Maganin wannan ɓoyayyen kaso ya samo asali ne daga birnin Los Anjalis na Amurka. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke sa mutanen birnin hawaye yana haɗuwa ne idan rana ta dafa ɗanyen mai da NOx a sararin sama, kuma motoci ne babban tushensu. A wannan zamanin Eugene Houdry, injiniya haifaffen Faransa, ya yi rajistar na'urar tace hayaƙin mota. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ce ta matsa wa kamfanoni, har na'urar ta shiga yawancin sababbin motocin ƙasar daga samfurin 1975. A 1976 Volvo ya fito da irin wadda ake amfani da ita yau, mai maganin abubuwa uku a lokaci guda.

Makanikan Najeriya suna kiranta indomi, saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen busasshiyar taliyar. Kumburi ne a jikin salansa, kusa da inji, cikinsa yumɓu ne da aka huda ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. An shafe bangon ramukan da 'yan giram na ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam. Hayaƙi na ratsawa, ƙarafan su mai da kabon monoksaid ya zama kabon dayoksaid, su ƙarasa ƙone ɗanyen mai, su raba NOx ya koma naitirojin, su kansu ba sa ƙarewa. Ba ta fara aiki sai ta kai zafin digiri 250 zuwa 300, shi ya sa mintunan farko bayan tayar da mota suka fi ƙazanta. In ta yi zafi kuma haɗin iska da mai ya tsaya daidai, takan kawar da sama da kashi 90 cikin ɗari. Mai tsaron wannan daidaiton wani ɗan ma'auni ne da ke lissafa oksijin a cikin salansa yana aika wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma tana ƙara mai ko tana ragewa.

Darajar ƙarafan ita ta zame mata bala'i. Akwai masu saye, don haka akwai masu cirewa, wasu da sanin mai mota, wasu a bayan idonsa. Ana yawan ce wa mai mota in an farfasa ta aka zubar motar za ta fi jan wuta. Gaskiyar ita ce sai wadda ta toshe ko ta narke take shaƙe inji, kuma abin da ya narkar da ita, fulogi mai yanke wuta ko inji mai shan baƙin mai, yana nan bayan an cire. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa, kuma an tarar ana cire wa wasu indomi tun kafin su hau jirgin ruwa. Mai sayen 'yar Kwatano ya kamata ya sa a leƙa masa ƙarƙashinta.

Man da ake zubawa

Na'urar ba ta jure mummunan mai. Tun 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Amurka don hana inji ƙwanƙwasa, kuma dalma tana kashe indomi, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun rabu da shi zuwa farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Saura farar wutar da ke cikin mai. Tun 2009 Turai ta tsayar da ita a kashi 10 cikin miliyan, a lokacin da ƙa'idar Najeriya ta yarda da 3,000 a dizal. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya fallasa yadda 'yan kasuwa ke haɗa irin wannan man musamman don Afirka, kuma a 2020 ministocin ECOWAS suka amince da 50. Ga kuma man da aka yi wa algus da kananzir, wanda ba ƙa'idar da ta san da zamansa.

Yadda ake awo

A ɗakin gwaji ana ɗora tayoyin mota a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, direba ya bi tsararren jadawalin gudu da tsayawa, ana tara hayaƙin ana aunawa. Kabon monoksaid da dayoksaid ana gane su da yadda suke shanye wani haske da ido ba ya gani, duhun hayaƙin dizal kuma da yawan hasken da ya tare. Raunin wannan tsari ya fito fili a 2014, lokacin da masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗora ma'auni a cikin motocin dizal na Volkswagen suka hau titi da su. A Satumban 2015 hukumar muhallin Amurka ta bayyana cewa an sa wa motocin manhajar da ke gane lokacin gwaji ta gyara hali, a kan hanya kuwa NOx ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Daga 2017 Turai ta wajabta gwajin kan titi.

Akwai kuma awon bakin hanya da Donald Stedman da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Denver a ƙarshen shekarun 1980. Ana harba haske ya tsallaka titi ya ratsa hayaƙin motar da ta wuce, kyamara ta ɗauki lambarta, kwamfuta ta karanta hoton ta haɗa shi da rajista. A yini guda ana auna dubban motoci ba tare da an tsayar da ko ɗaya ba, kuma abin da aka sha gani shi ne 'yan tsirarun motoci ne ke fitar da kaso mafi girma na gubar. Wannan ya dace da gari irin namu, domin yana nuna inda za a fara.

A Kaduna

Kaduna tsohuwar gidan mota ce da mai. An buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri a 1975, matatar mai kuma a 1980. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Fasahar Sufuri a Zariya, duk wuraren da ake horar da masu wannan fanni. Ta fuskar doka, an kafa NESREA, hukumar tarayya mai kula da ƙa'idojin muhalli, a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idar hayaƙin motocin fetur da dizal a 2011. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, masu motocin haya da dama sun karkata ga iskar CNG, wadda ba ta yin kunkunniya sosai, ko da yake ita ma tana buƙatar indomi mai rai don maganin NOx.

A jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, Kaduna ta fito cikin biranen da suka fi yawan ƙura a iska, tare da Onica da Aba. Ba duka daga salansa ba ne. Akwai ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Cadi, da hayaƙin itace, da ƙona bola, da titunan unguwa marasa kwalta. Ana raba su ne ta hanyar zuƙo iska ta cikin farar takardar tacewa na tsawon yini, sannan a kai ta ɗakin bincike. Silikon da alminiyam na nuna ƙasar hamada, fotasiyam na nuna itace da kara, baƙin kabon a kusa da babban titi kuma yawancinsa na dizal ne. Takardar da aka ɗauko daga bakin hanyar Nnamdi Azikiwe a watan Agusta, lokacin da damina ta kwantar da ƙura, ita ce za ta fi nuna kason motoci.